Minsharin Da Muke Yi Wa Dariya A Tasha Yana Kifar Da Motoci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana direbobin manyan motoci, da matansu, da iyayen gidanmu masu motocin da muke ja. Ni direban tirela ne. Na yi shekara 5 ina karen mota, sannan na yi shekara 23 a kan sitiyari, yawanci ina ɗaukar wake da gero daga Dawanau zuwa Legas, in dawo da abin da aka samu. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Wannan ma ina faɗa ne 'yata tana buga min a waya, kuma na ce mata kada ta rage ko kalma ɗaya, har da inda ba zai yi min daɗin ji ba.

Shekara uku da suka wuce, tsakanin Mokwa da Jebba, da misalin ƙarfe uku na yamma, ina ɗauke da buhu 300 na wake. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne bayan wata tanka da ke gabana. Sai kawai na ji yaron motata yana ihu, "Maigida! Maigida!" yana dukan kafaɗata. Da na buɗe ido tayoyin dama sun riga sun sauka daga kwalta, ƙura ta turnuƙe, ga rumfar masu doya a gabana, mata da yara suna gudu. Allah ne ya tsayar da motar nan. Da na sauko na auna da ƙafata, taku bakwai ne tsakanin kan motar da rumfar.

Da mutane suka taru na ce musu sitiyari ne ya ƙwace. Ƙarya na yi, kuma yaron motata ya san ƙarya na yi. Barci ne ya sace ni. Na faɗi wannan ne don na san ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya daɗe a hanya ya san cewa a cikin haɗurran da ake cewa birki ne ya tsinke ko taya ce ta fashe, akwai waɗanda gyangyaɗi ne kawai, amma direba ba zai faɗa ba, don in ya faɗa an karɓe makulli ke nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, daren da ya gabata na kwana a Tegina, na kwanta bayan isha, ban tashi ba sai asuba. Ba zan ce ban yi barci ba. To me ya sa mutumin da ya kwana yana barci zai yi gyangyaɗi da rana tsaka?

Maiɗakina ta daɗe da sanin amsar, ni ne ban saurare ta ba. Ta fi shekara goma tana ce min, "Alhaji, numfashinka fa yana ɗaukewa cikin dare. Sai ka yi shiru kamar ba rai, sai na taɓa ka sannan ka ja wani irin numfashi." Nakan ce mata gajiyar hanya ce. A tasha kuwa minsharina abin wasa ne. Abokai sukan ce kada wanda ya ajiye motarsa kusa da tawa in yana son barci. Mu a wurinmu mai minshari shi ne wanda barci ya yi wa daɗi, wanda ba shi da damuwa. Ban taɓa jin wani ya ce cuta ce ba.

Da na dawo daga waccan tafiya na ba 'yata labarin abin da ya faru. Ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta ce komai ba, sai da dare ta ba mahaifiyarta waya ta ce ta ɗauke ni bidiyo ina barci. Da safe suka nuna min. Edita, ban taɓa ganin abin da ya tsorata ni kamar wannan ba. Ga ni kwance rigingine, baki buɗe, minshari yana tashi, sai ya yanke ɗif. Ƙirjina yana ta ƙoƙari, cikina yana ɗagawa yana sauka, amma babu iskar da ke shiga. 'Yata ta sa na kalli agogon bidiyon: daƙiƙa 10, 20, 30, har 38. Sannan na yi wani irin gurnani kamar ragon da aka yanka, na motsa, minshari ya ci gaba. Ba a yi minti biyu ba aka sake. Duk wannan ban san ana yi ba, ni a nawa sanin barci nake.

Ita ta kai ni wurin wani likitan ƙirji a wani babban asibiti. Dama ina shan maganin hawan jini iri uku, kuma jinin ya ƙi sauka. Likitan ya yi min tambayoyin da ba a taɓa yi min ba duk shekarun da na yi ina karɓar magani. Kana minshari mai ƙarfi? Kana tashi da gajiya? Wani ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya? Sau nawa kake tashi fitsari da dare? Kana tashi da ciwon kai, maƙogwaro a bushe? Kowace na ce e. Ya ɗauko tef irin na tela ya auna wuyana, ya samu santimita 44, ya ce daga 40 zuwa sama suna fara zargi. Sannan ya juya ga maiɗakina, wadda na so in bari a waje, ya ce, "Hajiya, ke za ki ba ni labarin, don shi ba ya nan lokacin da abin yake faruwa."

Aka ba ni wata 'yar na'ura na kwana da ita: maɗauri a ƙirji, siririn tiyo a hanci, da wani abu da aka maƙala min a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Da sakamako ya fito likitan ya ce numfashina yana tsayawa ko ya ragu sosai sau 46 a kowace awa. Ya ce a ƙa'idarsu sai numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye suke ƙirga shi. Ƙasa da sau 5 a awa lafiya ce, daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne. Iskar jinin mai lafiya ba ta cika sauka ƙasa da kashi 95 cikin 100 ba, tawa tana faɗawa har cikin saba'in da wani abu. Sunan cutar a wurinsu afniya, wato ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Ya yi min bayani da yaren da nake ji. Ya ce ka san tiyon mai idan ya yi laushi, inji yana zuƙa sai ya manne, mai ya daina wucewa? Haka maƙogwaron mutum yake. Idan barci ya yi nisa naman wuya da harshe sukan saki, hanyar iska ta matse. Minshari shi ne ƙarar iska tana kutsawa ta wannan matsatsiyar hanya. Idan ta toshe gaba ɗaya sai iskar jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka na ɗan lokacin da ba za ka tuna ba, ka ja numfashi, ka koma. Ka lissafa sau 46 a awa, na tsawon awa bakwai. Fiye da sau 300 ake tashina a dare ɗaya. Kowace farkawa zuciya takan buga da ƙarfi, jini ya hau, shi ya sa magani uku suka kasa riƙe shi. Ya ce wannan cuta tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da ciwon suga, tana kawo mantuwa da saurin fushi, kuma tana rage wa namiji ƙarfi a shimfiɗa. Wannan na ƙarshe na faɗe shi ne don na san akwai masu zuwa wurin masu maganin maza a tasha alhali matsalarsu a maƙogwaro take.

Na ɗauka wata baƙuwar cuta ce da ta same ni ni kaɗai. Sai 'yata ta karanta min wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya suna da ita, kuma miliyan 425 daga cikinsu tasu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda suka haura hamsin. Yanzu ka shiga kowace tashar manyan motoci ka dubi waɗanda ke zaune a kan benci. Mu ne. Sana'armu zama ce daga safe zuwa dare, abincinmu teba da tuwo da shayi mai kauri da tsakar dare, babu lokacin motsa jiki. Na shiga wannan aiki ina siriri kamar kara, kafin in kai shekara 45 na kai kilo 104.

Ga abin da muke yi idan barci ya zo: goro, kofi mai ɗaci, gadagi, lemon gwangwani mai sa kuzari, wasu kuma har ƙwaya, kowa ya san tiramol. Ni ban taɓa shan ƙwaya ba, amma goro da kofi ba na ƙirga su. Likitan ya ce sinadarin da ke cikin goro da kofi yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wato wanda ya sha kofi da la'asar, har bayan isha rabinsa yana jininsa, sai ya lalata masa ɗan barcin da zai samu, gobe ya tashi da gajiya ya ƙara sha. Wasu in barci ya ƙi zuwa sai su sayi maganin barci a kemis. Ga mai irin cutata wannan ganganci ne babba, don maganin yana ƙara sakin naman maƙogwaro, kuma yana hana ƙwaƙwalwa saurin tashin mutum idan numfashi ya tsaya. Haka giya take yi. Hausawa sun ce ba a cin bashin barci, kuma gaskiya ne. Goro ba ya biyan bashin, ɗaga ranar biya kawai yake yi, kuma mai bin bashin yakan zo ne kana kan sitiyari.

Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha giya daidai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Mu da muke ƙyamar mashayi, ba za mu yarda ya ja mu a mota ba, amma mukan tashi daga Kano da asuba mu yi ta tuƙi har tsakar dare muna alfahari. Kuma ba sai barci ya yi nisa ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ido ya rufe daƙiƙa huɗu, mota ta yi kusan mita 90, kusan tsawon filin ƙwallo, da tan 30 a bayanta, ba mai riƙe da ita.

Na tambayi likitan me ya sa ba a taɓa gaya mana ba. Ya ce ilimin barci sabon fanni ne ko a can ƙasashen Turawa. Sai a 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman, suka gano cewa a cikin barci akwai matakin da idanu ke motsi da sauri, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. Asibitin barci na Jami'ar Stanford da ke Amurka, wanda yake cikin na farko-farko, a 1970 aka buɗe shi. Mu kuma a nan idan aka ce ciwon barci, hankalinmu yana tafiya ne ga wanda ƙudan tsando ke sakawa. Ashe cututtukan barci suna da yawa. Akwai rashin barci, wanda ya ce maganinsa na farko gyaran ɗabi'a ne ba ƙwaya ba. Akwai masu jin ƙafafunsu suna tsuma da dare sai sun motsa su, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ke kawowa. Har dannau ya yi min bayani: a matakin mafarki jiki yakan kulle don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, to wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai mutum ya ji an danne shi. Ya ce ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi. Addu'ar kwanciya ba mu bari, amma sanin wannan ya cire min tsoron da na daɗe da shi.

Maganin da aka ba ni na'ura ce da suke kira CPAP, wadda wani likita ɗan Ostareliya mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a 1981. Ƙaramar akwati ce mai tiyo da abin rufe hanci, tana hura iska a hankali don ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ba zan ɓoye ba, tana da tsada, sai da na sayar da wani fili na gado kafin na saye ta. Kuma makonni biyun farko na sha wuya, ina cire ta cikin barci, hancina yana bushewa. Ga matsalar wuta. Sai da na haɗa ƙaramin sola da batir a gida, a mota kuma wani mai gyaran waya ya yi min hanyar da take ja daga batir. Amma ranar da na fara kwana da ita har asuba, na tashi na zauna a bakin gado na rasa abin da ya canza. Sai na gane kaina ne ba ya ciwo. Na yi shekaru ina tashi da ciwon kai har na ɗauka haka safiya take. Fitsarin dare ya koma sau ɗaya daga sau huɗu. Bayan wata shida likita ya rage min maganin hawan jini guda. Maiɗakina ta ce daren farko ita ce ta kasa barci, don shirun ya yi yawa, sai da ta riƙa kai hannu tana duba ko ina numfashi.

Na san ba kowa zai iya sayen na'urar ba, kuma wuraren gwajin kaɗan ne, a manyan birane suke. Amma akwai abin da ba ya buƙatar kuɗi. Rage ƙiba yana rage cutar sosai, ni na sauke kilo 11 ta hanyar barin cin dare da zagaya mota da ƙafa duk inda muka tsaya. Kwanciya a gefe ta fi rigingine, don a rigingine harshe yana faɗawa baya, kuma dama kwanciya a ɓangaren dama sunna ce. Likitan ya ce wasu sukan ɗinka aljihu a bayan rigar barci su sa ƙwallo don kada su juya. A bar taba, a bar maganin barci sai da izinin likita, a nemi maganin toshewar hanci. Ya kuma gaya min gaskiya cewa ga mai tsanani irina waɗannan kaɗai ba za su isa ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada wanda ya je wurin wanzami a cire masa belu da sunan maganin minshari. Wani abokina ya yi, ya zubar da jini, minsharin yana nan. Yara ma su kan yi wannan cuta, yawanci saboda kumburin naman maƙogwaro, musamman masu sikila. Yaron da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, yana fitsarin kwance, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Iyayen gidanmu masu motoci, Allah ya ƙara arziki, ku dubi lokacin da kuke ɗibar mana. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, a kan hanyar da kowa ya san halinta. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a yawancin ranaku kada tuƙinsa ya wuce awa tara, akwai ma na'ura a motar da ke rubuta hakan. Ban ce mu zama su ba, amma direban da ya bugo waya ya ce ya tsaya ya runtsa bai cancanci zagi ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu na direbobi, kamar yadda kuke kawo masu auna hawan jini da gwajin ido a tasha, ku sa su zo da tef ɗin auna wuya da waɗannan 'yan tambayoyi, ba su kai goma ba, minti uku sun isa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ina roƙon ta sa maganar minshari cikin wayar da kan da take yi mana. Sai dai a yi shi ta hanyar taimako. Idan direba ya san faɗin gaskiya zai raba shi da abincinsa, zai ci gaba da cewa sitiyari ne ya ƙwace. Wanda yake kan magani yana iya tuƙi lafiya, ga ni nan shaida.

Wasu abokaina sukan ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara. Amma malaminmu ya karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya je neman gafara ya zagi kansa. Idan salla aka ce a dakata da ita saboda gyangyaɗi, ina ga tirela mai tan 30 da rumfar mata da yara a bakin hanya?

Matan direbobi kuma, ku ne kuke ji. Kada ku gaji da faɗa don an ce muku gajiya ce. Ku ɗauki bidiyo ku nuna masa, ku raka shi asibiti, ku shiga ɗakin likita tare.

Har yanzu ina hanya, da na'urata a bayan kujera. Idan na kwana a Tegina ko Ogere nakan zagaya tsakanin motoci bayan isha, kuma kunnena ya riga ya san bambancin minsharin gajiya da wanda yake yankewa ya yi shiru. Idan na ji irin na biyun nakan riƙe lambar motar, da asuba in nemi mai ita wurin mai shayi in nuna masa bidiyon nan nawa. Zuwa yanzu na nuna wa mutum 14. Uku sun je asibiti.

Naku,
Wani direban tirela,
Dawanau, Kano.